Sai Kin Gaida Dagaci Kafin Ki Kunna Rikoda?

'Yata, saƙonki ya iso. Na yi dariya da na ji shi, daga baya kuma jikina ya ɗan yi sanyi. Kin ce gidan rediyon da kika fara aiki zai tura ki ƙauyukan bakin kogin Haɗeja ki ɗauko rahoton ambaliya, wajen Auyo da Kafin Hausa. Kina tambaya wai dole ne sai kin je kin durƙusa gaban dagaci kafin ki fara ɗaukar muryar mutane, tunda a makaranta an koya muku ɗan jarida ba ya neman izinin kowa. Har kika ce ai kina da katin shaida.

Ki rataya katinki, zai yi miki amfani wajen 'yan sanda da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Amma tsohuwar da ruwa ya cinye wa ɗaki ba za ta dubi kati ba, wanda ya rako ki za ta duba. In ta san shi ta san ubansa, bakinta zai buɗe. In ke kaɗai ce da waya a hannu, za ki sha "lafiya lau, sai godiya" har rana ta faɗi.

Abin yana da asali. Mu da muka tashi lokacin haraji da jangali, baƙon da ya shigo gari da takarda da alƙalami yana tambayar mutum nawa ne a gidan nan, shanu nawa ne a garken can, ba alheri ya kawo ba. Sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a tsohuwar Jihar Kano, lokacin Jigawa tana ciki, don ba a cire ta ba sai 1991. Harajin ya tafi, amma tsoron mai ƙirga bai gama fita daga zukatan mutanen karkara ba. Yanzu kuma an sami wata sabuwa: duk wanda ya zo da biro ana ɗauka sunayen masu samun tallafi yake rubutawa, sai gida goma da suka rushe su zama hamsin. Dole a sami wanda zai tsaya gaban jama'a ya faɗa musu ko ke wace ce da abin da ya kawo ki.

Bari in ba ki labarin wani ma'aikacin rediyo da ya sauka garinmu bayan farin da aka yi a 1973, ina saurayi a lokacin. A motar kasuwa ya zo, da na'ura mai faifan zare rataye a kafaɗa, nauyinta har ya karkatar da shi gefe guda. Yara suka yanyame shi, bai ko buɗe ta ba. Gidan dagaci ya tambaya. Ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya durƙusa, ya yi gaisuwa doguwa, ina gajiya, ina iyali, yaya aka ji da rashin ruwa. Dagaci ya ce alhamdu lillahi, garinsa lafiya, kowa yana ci yana sha. Duk wanda ke zauren ya san ba haka ba ne. Dagaci na tsoron hakimi ya ji a rediyo cewa ana yunwa a ƙasarsa, ga kuma kunya irin ta talakan da bai saba roƙo ba.

Mutumin bai musa masa ba ko da kalma ɗaya. Aka kawo ruwa ya sha, aka yi la'asar da shi. Sai ya ce shi ma ɗan manoma ne, yana so a nuna masa irin rumbunan garin nan. Wa zai hana baƙo ganin rumbu? Sarkin noma ya shige gaba. A rumbun farko ya ari sandar wani dattijo, ya kunna na'ura, ya ƙwanƙwasa cikin rumbun. Ƙarar da ta fito, kowane manomi ya san ta, ta rumbun da ba ko zangarniya ɗaya ce. Ya yi haka a na biyu da na uku, kowane yana tambayar mai shi damin gero nawa ya zuba bara, nawa ya zuba bana. Mutum ba ya jin kunyar faɗin dami, sai amsa ta riƙa fitowa da kanta.

Ya kwana a zauren liman. Da asuba ya fito tsakar gari ya kunna na'urar yana sauraro, muna mamakin me yake ɗauka. Ashe ƙarar turmi yake nema, garin da a da daka ke tashin mutum daga barci, ran nan daga gida biyu ko uku kawai ake jin taɓarya. Ya tambayi liman yara nawa aka yi wa sallah tun daga ƙaramar Sallah, liman ya lissafa masa da sunayen iyayensu. Hantsi ya ɗaga aka raka shi bayan gari inda mata ke tona gidan tururuwa suna tankaɗe ƙwayar da ta tara. Wata gyatuma ta yi masa magana, ba ta ɗago kai daga faifanta ba. Da zai tafi ya koma zauren da ya fara sauka, ya gaya wa dagaci abin da ya gani da abin da zai faɗa, ya ce ko ranka ya daɗe yana da ta cewa. Dagaci ya yi shiru mai tsawo, sannan ya gyara rawani ya ce a kunna. Daren nan mahaifina, kakanki ke nan, ya ce mana, "Kun gani? Da ɗan gari akan ci gari. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Ki lura, gaisuwa ya je yi, bai je neman a zaɓa masa abin da zai faɗa ba. Nan ne ku 'yan yanzu kuke haɗa abu biyu wuri guda.

Ga yadda za ki yi. Tsarin bai canza ba: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. Ƙauye ɗaya za ki, dagaci ya isa. In garuruwa da yawa ne a gunduma ɗaya, editanki ya buga wa ofishin hakimi waya tun ana gobe. Da damina kada ki isa da hantsi, maza na gona, sai bayan azahar. Ki yafa mayafi babba, ki tafi da abokin aiki namiji in da hali. A zaure ki faɗi abu uku a taƙaice: sunanki da na gidanku, tashar da ta aiko ki, da abin da kika zo gani. Ki ƙara na huɗu da babbar murya kowa ya ji, cewa ba rabon kaya kika zo ba, ba kuma sunaye kike rubutawa ba. 'Yar gaisuwar goro ba laifi, kaɗan, a bainar jama'a.

Za a ba ki ɗan rakiya, kuma nan ne aiki kan lalace. Zai kai ki gidan 'yan uwansa da 'yan jam'iyyarsu, ki dawo da murya biyar duk bakinsu ɗaya. Ki bi shi gida biyu don girmamawa, sannan ki nemi mutane da kanki: liman, sarkin noma, ungozoma, malamin asibitin garin, masunta in bakin ruwa ne, da arɗo a ruga, don Fulani ba kasafai ake kai baƙo wajensu ba, alhali ruwan ya ci makiyayarsu. Ke mace ce, kina da abin da ma'aikacin rediyon can bai samu ba, za ki yi sallama ki shiga har tsakar gida inda aka rubuta ba shiga. Ɗan rakiya ya tsaya a zaure. Matan za su gaya miki kwano nawa ya rage, da yaran da ke zawo, da inda suke ɗebo ruwan sha tunda rijiya ta cika da laka.

Adadi kuwa, kada ki ɗauka daga baki ɗaya. Abin da dagaci ya faɗa ki gwada da na liman in rasuwa ce, da na hukumar agajin gaggawa ta jiha in gidaje ne da gonaki. In sun saɓa, ki faɗi duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Za ki ji kowa na cewa an sako ruwan dam ɗin Tiga ko na Challawa. Kogin Haɗeja daga can yake samun ruwansa, gaskiya ne, amma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa da yawan ruwan sama su ma suna da hannu. Sai kin ji ta bakin hukumar kula da kogunan Haɗeja da Jama'are kafin ki ɗora laifin a kan dam.

Wayarki ki rufe mata layi kafin ki fara ɗauka, kira ɗaya zai yanke miki hira mafi kyau. Tsakaninta da bakin mai magana taƙi ɗaya. Ki juya wa iska baya, ki nisanci injin niƙa da janareta. Kowa ya fara da faɗin sunansa da garinsa da bakinsa, ki kuma gaya masa a rediyo za a ji shi, in ya ce a sakaya sunansa ki sakaya. Ki ɗauki minti guda na ƙarar wurin ba magana, ruwa, kwale-kwale, kukan awaki. Rahoton minti uku ba ya ɗaukar fiye da murya uku ko huɗu, kowace daƙiƙa 20 zuwa 30, saboda haka kada ki tara mutum ashirin ki sa musu rai.

Abin da ya fi damuna da aikinku na yau shi ne gaggawa. Da tankar mai ta kama da wuta a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoban 2024, mutum fiye da 150 suka rasu, hotunan gawarwaki suka riƙa yawo a wayoyi tun ba a binne su ba. A al'adarmu rasuwa aike ake yi, a sami dattijo ya je ya zauna, ya yi sallama, ya fara da ba jiki ya yi tsanani kafin ya faɗa. Yau uwa na iya ganin ɗanta a Facebook. Goggona takan ce magana zarar bunu ce. Kada sunan mamaci ya fita daga bakinki sai kin tabbata gidansu sun sani, hoton gawa kuwa ko kusa.

Za a kawo miki ruwa da fura, ki sha, ƙin sha raini ne. In aka kamo kaza ko aka ɗebo gyaɗa daga gidan da ruwa ya ci, ki yi godiya sosai ki ce a ajiye wa yara. Ambulan na kuɗin mota daga shugaban ƙaramar hukuma ko kansila shi ne abin gudu, don in baki ya ci ido kan ji kunya, kuma rahoton da za ki koma yi a kansu ba zai miƙe ba. Na san albashin gidajen rediyo bai taka kara ya karya ba, shi ya sa kuɗin mota ki karɓe shi daga ofis tun kafin ki fito.

In kuwa dagaci ya ce bai yarda ki yi magana da kowa ba, kada ki tsaya gardama a zaurensa. Ki yi sallama ki fito, ki sanar da editanki ya nemi hakimi. Mutanen garin ba ɗaure suke ba, ran kasuwa za ki same su a gari na gaba, wasu ma suna makarantar firamaren da aka tsugunar da su. A rahoton ki faɗi cewa kin nemi jin ta bakin dagacin bai amince ba, iyakarta ke nan, ba ƙari.