Tambayi Likita: Ƙwaƙwalwa Bayan Zuciya Ta Tsaya

Tambaya: Likita, na ji an ce a Amurka an farfaɗo da ƙwaƙwalwa awanni bayan mutuwa. Gaskiya ne? Kuma wanda zuciyarsa ta tsaya sannan ta dawo, zai koma yadda yake? Wata mai karatu daga Zariya.

Amsa: Malama, labarin yana da tushe, amma an ƙara masa gishiri. A 2019 masu bincike a Jami'ar Yale suka ɗauki ƙwaƙwalwar aladu 32, awa 4 bayan yanka, suka yi awa 6 suna zagaya wani ruwa mai ɗauke da oksijin a jijiyoyinta. Wasu ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwar sun koma aiki, sai dai ba a ga alamar hayyaci ba ko kaɗan.

A jikin mutum, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa minti 4 zuwa 6 bayan jini ya daina isa gare ta. Dawowar jinin ma tana da tata ɓarnar, domin takan jawo kumburi da mutuwar ƙwayoyi na tsawon kwanaki. Shi ya sa likitoci kan jira aƙalla awa 72 kafin su ce ga makomar mara lafiyar da bai farka ba. Wasu kan warke sarai, wasu kan zauna da mantuwa ko saurin gajiya.

Daga 2002 an riƙa sanyaya jikin irin waɗannan marasa lafiya zuwa digiri 32 zuwa 34 na kimanin yini guda. Wani babban gwaji a 2021 ya nuna sanyayawar ba ta fi hana zazzaɓi kawai amfani ba. Akwai kuma na'urar ECMO, wadda ke zuƙo jini daga jijiyar matsematsi, ta ba shi oksijin, ta mayar. A wani ƙaramin gwaji a jihar Minesota ta Amurka a 2020, mutum 6 cikin 14 na rukunin da aka ware don na'urar sun rayu, a rukunin da aka yi wa kulawar da aka saba kuwa 1 cikin 15. Tana da tsada ƙwarai, kuma tana iya jawo zubar jini.

Duk waɗannan ba sa amfanar wanda aka bari kwance ba taimako. Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi, ko yana kakari jifa-jifa (mutane kan ɗauka numfashi ne, alhali ba shi ba ne), a kwantar da shi rigingine a ƙasa, ba a kan katifa ba. A ɗora tafin hannu ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar ƙirji, a miƙe gwiwar hannu, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana barin ƙirjin ya taso bayan kowace dannawa. Mai dannawa kan gaji da wuri, don haka a yi canji duk minti 2. Kada a tsaya yayyafa ruwa ko ɗura masa wani abu a baki. Wani ya nemo mota, a kuma ci gaba da dannawa har cikin asibiti.