Amsa ga 'yar'uwar da ke son haɗa kwandon azumi da hannunta

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce azumi ya ƙarato, kina son kai wa Hajiyar maigidanki da abokiyar zamanta da Mamanki da wasu gidaje kayan shan ruwa, amma kwandunan da ake tallatawa a Instagram sun fi ƙarfinki, kuma kina tsoron ki haɗa da kanki a raina. Ki kwantar da hankalinki. Na daɗe ina haɗa wa dangi da maƙwabta, har wasu kan ba ni kuɗi in haɗa musu, kuma ban taɓa ganin an raina abin da aka yi shi da tsafta da lura ba.

Ki ƙura wa waɗancan kwandunan ido da kyau. Rabin kuɗin yana tafiya ne a kwandon kansa da leda mai sheƙi da furannin roba, sai lemon kwali da biskit na waje da yara za su cinye a dare ɗaya. Dattijuwa irin Hajiya ba wannan ne a gabanta ba. Abin da ke ranta shi ne kunun da za a dama da la'asar, da ƙosan da za a soya, da yajin da za a barbaɗa. Ni dai a kowace naira goma, takwas na zuba ta a abin da za a ci, biyu kacal a mazubi da kwalliya.

Garin kunu shi ne ƙashin bayan kwandona. Ki sayi gero, a surfa, ki wanke ki rege tsakuwa, ki baza a tabarma mai tsafta. A nan mata da yawa ke yin gaggawa. Idan geron bai bushe ƙayau ba kika kai niƙa, garin zai dunƙule a leda, ya yi tsami ko ya yi fumfuna kafin azumi ya kai goma. Ki ɗauki ƙwaya ki ciza. In ta fashe da ƙara, ta yi. Sai ki zuba citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a niƙa, ki tankaɗe. Ko bayan an dawo daga inji kada ki ƙulle nan take, domin gari yana fitowa da zafi. Ki baza shi a faranti ya sha iska. Ki haɗa da curin tsamiya a gefe, kin ga kin ba mutum kunun tsamiya na kwanaki ba tare da ya aiki yaro kasuwa ba. Haka ake yi wa wake in garin ƙosai kike so: surfe, cire dusa, shanya, niƙa. Allah ya taimake mu, azumin shekarun nan yana faɗowa ne tsakanin ƙarshen hunturu da farkon bazara, shanya ba ta ba da wahala.

Na biyu yaji. Barkono, citta, kimba, masoro, kanumfari, busasshiyar tafarnuwa, daddawa, gishiri da ɗan dunƙule. Daddawar ki ƙara shanya ta ko ki ɗan gasa ta a kasko, saboda ita ce ke shigo da laima. Kwano guda na barkono da kayan haɗinsa zai cika miki kwalabe da yawa, kuma shi ne abin da za a fi tuna ki da shi, don yaji mai kyau yakan wuce Sallah ana ci. Sai busasshen zoɓo da kayan ƙamshinsa a ƙulli ɗaya, da dabino. Ba dole sai na Makka ba. Busasshen dabinon da ake kawowa daga Nijar, ko na Dutse, ya fi araha kuma ya fi jure ajiya. Ki dai fasa biyu ko uku a gaban mai sayarwa ki duba ko ƙwaro ya shiga.

Kayan zaƙi kala ɗaya ya isa. Cincin ya fi sauƙi da auki, amma ki bar shi ya huce sarai kafin ki rufe, in ba haka ba zai yi gumi ya saki. In kin iya alkaki ya fi daraja a idon manya, kuma yana daɗewa. Ki sa ruwan tsamiya ko lemon tsami a sukarin da za ki tsoma shi don kada ya daskare ya yi fari. Tuwon madara da gullisuwa kuwa ki bar su sai kwandon Sallah, madara ta yi tsada kuma zafi ba ya raga musu.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin yau ba shi ne na gobe ba, don haka ki yi lissafinki da kwano, ba da naira ba: gida nawa, kowane gida kwano nawa na gero, nawa na wake. In a Kano kike, hatsi da zoɓo da riɗi Dawanau, sukari da fulawa da mai Singa. Sai dai waɗannan kasuwannin sari ne, ribarsu ba ta fitowa a kwano biyu. Ki nemi mata biyu ko uku masu niyya irin taki ku haɗa kuɗi, ku sayi buhu ko katan ku raba, kuɗin mota ma ku raba. Kuma ki yi sayayyar tun Rajab ko farkon Sha'aban. Makon ƙarshe kowa na kasuwa, sukari da dabino da gero duk sun ɗaga. Shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, ki sayi geronki da wakenki tun da kaka.

Yanzu mazubi. Kwandon kaba da faifai mai launi na Kasuwar Kurmi sun fi kwandon roba na kanti kyau nesa ba kusa ba, kuma bayan azumi za a ci gaba da amfani da su. Ƙwarya mai zane ma tana yin kyau ƙwarai in kayan ba su da yawa. Idan ko wannan ya yi nauyi, ki karɓi kwalin taliya a shagon unguwa, ki yanke shi ya zama baya da tsawo, gaba gajere. Ki je wurin telanki ki roƙi ragowar atamfa, yawancinsu zubarwa suke yi. Ki shafa farin gam irin na kafintoci, ki lulluɓe kwalin ciki da waje, ki naɗe bakin ya shige ciki, ki danne da maƙalen shanya har ya bushe. Kada ki yi gam da kokon fulawa ko sitaci, kyankyaso da gara za su bi shi. Wanda bai ga lokacin da kike yi ba ba zai ce kwali ne ba.

Kwalaben bama da na jam da kika tara su ne na yaji da cincin. Ki jiƙa su a ruwan zafi takardar ta fita, ki goge ragowar danƙon da ɗan man gyaɗa, ki wanke, ki tafasa su kamar minti 10, ki kife a rana. Murfin ne ke riƙe wari, ki ba shi kulawa ta daban. In sun bushe, ki yanka ƙyallen atamfa zagaye ki rufa a kan murfin ki ɗaure da zare. Ki rubuta sunan abin da ke ciki a 'yar takarda ki manna, domin garin kunu da garin ƙosai sukan rikita yaran gida.

Wajen jerawa, ki cusa tsofaffin takardu a ƙasa don kayan su taso, masu nauyi da tsawo a baya, kwalabe a tsakiya, mai karyewa a sama. Farar leda guda ta naɗe duka, ki tattara bakin a sama ki ɗaure da igiyar atamfar nan. Ya wadatar.

Abu ɗaya da nake roƙonki: kada ki sa turaren wuta ko humra ko sabulu a mazubi ɗaya da abinci. Na san yana ƙara wa kwando kwarjini, amma gari da dabino da cincin suna zuƙar ƙamshi, kwana biyu kawai kunun zai koma ɗanɗanon turare, duk wahalarki ta tashi a banza. In za ki ba da turare, ki sa shi a kwalba mai murfi gam, a 'yar jaka daban. Jakar ma za ki iya ɗinkawa da hannu daga ragowar yadin, ki zura mata zare a baki. Irinta nake yi wa tsofaffi ta carbi, kuma suna jin daɗinta sosai. Mafici na kaba da aka bi bakinsa da atamfa shi ma kyauta ce mai amfani a zafin azumi, musamman da rashin wutar nan.

Ki kuma yi tunanin wanda za ki ba. In Hajiya ko Baba na fama da ciwon sukari, cire cincin da alkaki ki sa acca da busasshen zogale. Mai hawan jini a yi masa yajinsa daban, a rage gishiri da dunƙule. Na Hajiya da na abokiyar zamanta kuwa su zama iri ɗaya sak, har launin atamfar, don a gida ɗaya za a buɗe su, kuma ƙaramin bambanci yakan jawo maganar da ba ki nufa ba. In kuɗin bai kai a yi wa kowa ba, gara ki rage yawan kayan da ki rage wa wata. Ki kuma sanar da maigida tun da wuri. Iyayensa ne, ya kamata ya sa hannu ko da kuɗin gero da niƙa ne.

Ki kai kayan saura kwana uku ko huɗu a ga wata, kafin su riga su sayi nasu. In a adaidaita sahu za ki, ki riƙe mai kwalaben a cinyarki, kada a ɗora wani abu a kansa. Allah ya sa albarka, ya kai mu watan lafiya.