Sun goge rubutuna sun toshe ni, ta ina zan isa ga ɗan majalisarmu?

Ɗan'uwa, ka ce ka yi rubutu kan asibitin garinku da aka fara aka yi watsi da shi, sai masu kula da shafin ɗan majalisar suka goge, suka kuma toshe ka. Ka bar wahalar da kanka a Facebook. Galibi yaransa ne ke riƙe da shafin, mai yiwuwa shi ko labarin bai ji ba.

Koma wa takarda. Rubuta koke gajere, ka haɗa hotunan ginin, ka nemi mai unguwa, liman da shugaban matasa su sa hannu. Kai kwafi biyu ofishinsa na mazaɓa, ka tabbatar an buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka dawo da shi. Wannan ba ya gogewa.

Idan aikin mazaɓa ne, wato wanda ɗan majalisa ya sa a kasafin kuɗi don yankinsa, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar tambayar ma'aikatar da ke kula da aikin nawa aka ware, wa aka ba kwangila, kuma kwana bakwai take da su ta amsa. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ma tana bibiyar irin waɗannan ayyuka tun 2019.

Sai rediyo. Ɗan siyasa ya fi tsoron a kira sunansa a shirin Inda Ranka na Freedom Radio Kano fiye da sharhi dubu a intanet.

Amma ka guji zagi ko kiran mutum ɓarawo ba hujja, don an sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015.