Kwamfutar gilashi marar fanka: za ta yi aiki kuwa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya, ina koyon zane a kwamfuta. Na zana wata kwamfutar tebur mai siffar ɗan akwati, kowane gefe santimita 20, gilashi ta ko'ina. Ban sa mata fanka ba don kada ta yi ƙara, ramukan USB kuma na ɓoye su a ƙarƙashi. Ina so ta ɗauki katin girafik, wato sashen da ke sarrafa hotuna, mai ƙarfi saboda wasanni. Yaya ka gani?

Amsa: Ƙanena, hannunka ya faɗa a zane, babu shakka. Sai dai daga waje ka faro, alhali irin wannan aiki daga ciki ake faro shi.

Ɗauko ma'auni mu gani. Ƙaramin madabod (allon da ake jona sauran sassan kwamfuta a kansa) da aka saba haɗa irin wannan kwamfuta da shi, Mini-ITX, santimita 17 ne tsawo da faɗi, to shi zai shiga da ƙyar. Amma katin girafik mai ƙarfi irin RTX 4090 tsawonsa ya haura santimita 30. Fawa-fak ma, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, ban ga inda ka tanadar masa ba.

Ko da sun shiga, zafi ne zai kayar da kai. Wancan katin shi kaɗai yana jan wat 450, kuma kusan duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Gilashi ba ya fitar da zafi da sauri, ga shi ba ka bar kafar iska ba, sai cikin ya zama kamar motar da aka rufe aka bari a rana. Da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya doshi digiri 95 zuwa 100 zai rage gudu da kansa don kada ya lalace, in abin ya ci tura kwamfutar ta mutu ana tsakiyar wasa. Ka tuna kuma a Zariya za a kunna ta, inda zafin Afrilu kan kusanci digiri 40 tun ba a kunna komai ba.

Kamfanin Apple ya taɓa bin wannan hanya. A 2000 ya fitar da Power Mac G4 Cube, ɗan akwati cikin roba mai ɗaukar ido, babu fanka. Abin da ya sa ta iya aiki shi ne an buɗe mata hanyar iska daga ƙasa zuwa sama, an fitar da fawa-fak waje, firosesanta kuma ba mai cin wuta ba ne. Ramukanta a ƙarƙashi suke kamar naka, sai mutum ya kishingiɗar da ita kafin ya jona waya. Ga tsada. A 2001 aka daina yin ta. Mac Pro ta 2013 mai siffar gwangwani ma, a 2017 shugabannin kamfanin sun amsa cewa tsarinta ba zai iya da zafin manyan katunan girafik ba, shi ya sa a 2019 suka koma dogon akwati mai huji-huji.

Don haka sai ka zaɓi ɗaya. In shiru da ƙanƙanta kake so, ka haƙura da katin, ka nemi firosesa mai girafik a jikinsa, ka yi gangar jikin da alminiyam mai tsaga-tsaga. In wasanni ne, ƙara girman akwatin, ka sa fanka mai santimita 14. Babbar fanka a hankali take juyawa, ƙararta ba ta kai ta ƙarama ba. Iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya, da raga a bakin mashigar wadda za a iya zarewa a kakkaɓe, don ƙurar hunturu ba ta raga wa kowa. Gilashin ka bar shi a gefe ɗaya, ramin USB biyu su dawo gaba inda za a soka filash ba sai an ɗaga komai ba.

Kafin ka sake zane, yanka kwali daidai girman madabod da kati da fawa-fak, ka jera su a kan tebur, ka bar wa wayoyi da hannun mai gyara wuri. Sai ka auna abin da ya fito ka aiko mini.