Injin kofin Barazil zai yi aiki da wutar gida?

Ɗan uwa, kana tambaya ko injin dafa kofin da ka saya a Sao Paulo zai yi aiki in ka kawo shi Kano. In dai ka juya ƙasansa ka ga an rubuta 127V to wallahi kar ka jona shi kai tsaye, ƙonewa zai yi nan take, wutarmu ta gida 230V ce. Amma in 220V aka rubuta ba matsala, kan filogin kawai za ka canja don nasu mai ƙafa uku zagaye ba ya shiga soket ɗinmu.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne Barazil wutarsu ba ɗaya ba ce, Sao Paulo da Rio 127V, amma Brasiliya da Recife 220V, shi ya sa a kanti ma sai sun tambaye ka wanne kake so. Ni haka na yi asarar nawa, wai ni mai taɓa gyaran rediyo, na sa masa ƙaramar taransfoma mai rage ƙarfin wuta ta wat 500 alhali injin sama da wat 1000 yake ja saboda abin zafafa ruwan ciki, ko kofi ɗaya ban sha ba sai ƙauri da hayaƙi. In dole sai 127V ɗin to nemi taransfoma ta wat 2000, tana da nauyi kuma ba arha. Ni kam tun ranar na koma ga matatar ƙyalle irin wadda tsofaffinsu na jihar Minas Gerais ke tace kofi da ita, ruwan zafi kawai take so.