Amsa: Zuwa Ilulissat ya cancanci kuɗin jirgi?

'Yar'uwa kin tambaya ko zuwa Ilulissat a Girinland ya cancanci kuɗin, kuma wane lokaci ya fi. Eh wallahi ya cancanta, ki je a Yuni ko Yuli. Ilulissat gari ne da ke gefen wani dogon zirin teku mai kusan kilomita 40 da ya kutsa tsakanin duwatsu, can ƙarshensa akwai katafaren kogin ƙanƙara da ake kira Sermeq Kujalleq, shi ke ta ɓallo tsaunukan ƙanƙara suna gangarowa teku, wasu sun fi bene mai hawa goma tsayi, kuma tun 2004 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya. Ba ƙanƙara kaɗai za ki gani ba fa, a Sermermiut, wani tsohon mazauni kusa da garin a bakin zirin tekun, mutane sun fara zama tun wajen shekara 4,000 da suka wuce, garin kansa 'yan Denmark suka kafa a 1741 da sunan Jakobshavn, gidan da aka haifi Knud Rasmussen, shahararren mai binciken yankunan ƙanƙara, a 1879 yanzu gidan tarihi ne. Har yau Inuit, wato 'yan asalin wurin, suna kamun kifi, suna kiwon karnukan da ke jan kaya a kan ƙanƙara.

Sharaɗi ɗaya dai, don Allah kar ki sauka bakin ruwa a Sermermiut komai kyan hoton da za ki samu, idan ƙatuwar ƙanƙara ta ɓalle ko ta kife igiyar ruwa na tasowa ba zato, allunan gargaɗi suna nan ki bi su. Sannan daga wajen ƙarshen Mayu zuwa wajen ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa sam, ki tambayi malami yadda za ki lissafa lokutan salla tun kafin ki tashi.