Wane roƙo ake fara ji a shari'ar gona?

Ɗana, ka tambaye ni kan shari'ar gonar nan ta wajen Ringim. Roƙo uku ne a hannunka: na hana sayar da gonar, na shigo da sauran magada, da na liƙa sammaci a gidan wanda ake ƙara. Ga lauyan ɗaya ɓangaren kuma ya ce kotu ba ta da hurumi. Wanne ne gaba?

Sammaci. Mutum na biyu da muke ƙara ya tafi ci-rani, kuma muddin takarda ba ta isa gare shi ba, duk abin da aka yanke a kansa rusasshe ne. Wannan roƙo kai kaɗai alƙali zai saurara, don haka nemi rana mafi kusa wurin rajistara. Takardar rantsuwar da za ka haɗa da roƙon ta faɗi ranar da mai kai sammaci ya je da wanda ya tarar a gidan.

Sai hurumi. Da zarar an taso da shi, shi ake fara warwarewa kafin sauran roƙon biyu. Shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 ita ce madogararmu har gobe. Lauyan ɗaya ɓangaren zai kawo sashe na 41 na Dokar Filaye ta 1978, ya ce gonar ƙauye ta ƙaramar kotu ce. Kada ka razana. Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Adisa da Oyinwola a 2000 Babbar Kotun jiha ma tana da iko a kan filin karkara. Amsa da wuri, kada ka nemi ɗagewa.

Inda nake son ka natsu shi ne roƙon hanawa. Ko da ba shi za a fara ji ba, shigar da shi yau. A shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya ta 1989 an nuna cewa umarni a bayan idon abokin shari'a sai da gaggawa ta gaske, wanda ya yi jinkiri kuwa ba zai ce gaggawa ba. Mu nan damina ce ke kora mu. In ruwa ya sauka aka yi shuka, da wuya alƙali ya fitar da mutum daga geronsa, ga hutun kotu wajen Agusta. Talakan da ya kawo mana ƙara shekara guda zai rasa. Roƙi abin da za a iya ba ka: kada a sayar, kada a jinginar, har a gama.

Na magada zai iya jira, amma a ji shi kafin mai shaida na farko ya hau. Je wurin dagaci ka tabbatar da sunayensu tun yanzu.